Babi na Shida: Kiwon Kaji a Ƙasar Hausa: Gane Jinsi da Irin 'Yan Tsaki

6.0 Gabatarwa

Kiwo yana ɗaya daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Hausawa, kuma a cikin duk abubuwan da Bahaushe yake kiwatawa babu wanda ya kai kaza yaɗuwa. Da wuya a shiga gida a karkara, kai har ma a cikin birni, ba a tarar da akurki a wani lungu ba. Galibi mata da yara ne suke mallakar wannan dukiya. Da ita uwargida take fita kunyar baƙo, da ita take sayen magani idan yaro ya kwanta rashin lafiya, kuma sau da yawa kuɗin kaji ake tarawa har a sayi akuya. Ke nan duk abin da ya shafi kaza ya shafi tattalin arzikin gida.

Tun daga ranar da kaza ta sauka daga kwanci, ko kuma ranar da aka sayo 'yan tsaki daga kasuwa, tambayoyi biyu ne suke tsaya wa mai kiwo a rai. Ta farko, wanne ne zai zama zakara, wanne ne kuma zai zama kaza? Ta biyu, wane iri ne waɗannan 'yan tsaki? Wannan babi zai yi bayanin yadda Hausawa suke amsa waɗannan tambayoyi ta hanyar lura, da kuma abin da ilimin kimiyya ya ƙara a kai.

6.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) kawo keɓaɓɓun kalmomin da suka shafi kaza da ma'anoninsu;
(b) bayyana alamomin da ake rarrabe namiji da mace da su, da lokacin da kowace take bayyana;
(c) bambanta ingantacciyar lura da camfi;
(d) lissafa ire-iren kajin da ake samu a ƙasar Hausa da siffofinsu.

6.2 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar jinsi a nan tana nufin kasancewar halitta namiji ko mace. Iri kuwa yana nufin rukunin kajin da suka yi tarayya a siffa da ɗabi'a, kuma suke gadar wa 'ya'yansu su. Ga wasu kalmomin da ya kamata ɗalibi ya riƙe:

Ɗan tsako: ƙaramin ɗan kaza tun daga ƙyanƙyasa har ya rabu da uwarsa. Jam'insa 'yan tsaki.
Sagara: budurwar kaza wadda ba ta fara ƙwai ba.
Zanko: jar tsokar da take tsaye a bisa kan zakara ko kaza.
Leɓe: tsoka biyu da suke rataye a ƙarƙashin baki.
Tukku: tarin gashin da yake tsirowa a tsakiyar kan wasu kaji.
Ƙaimi: ƙahon da yake fitowa a bayan ƙafa, wanda zakara yake faɗa da shi.
Bindi: jelar tsuntsu.
Kwanci: zaman da kaza take yi a kan ƙwai na kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe.
Kyarkyara: kukan da kaza take yi a lokacin saka ƙwai.
Cara: kukan zakara.

Akwai wani abin lura ta fuskar nahawu. A wasu sunayen dabbobi Hausa tana samar da mace daga namiji ta hanyar ɗafa ƙeya, kamar jaki da jaka, ko zabo da zabuwa. Amma a zakara da kaza kalmomi ne mabambanta, kamar rago da tunkiya, ko bunsuru da akuya. Shi kuwa ƙarami, a maganar yau da kullum ɗan tsako ake ce masa, a kuma ba shi jinsin namiji, ko da kuwa nan gaba kaza zai zama. Wannan ya yi daidai da halin da mai kiwo yake ciki, domin a wannan mataki shi kansa bai san ko mene ne ba. Haka kuma ya kamata a kula da cewa tsaki na 'ya'yan kaza daban yake da tsaki na ɓarzajjen hatsin da ake ba su, daban kuma da tsakin da mutum yake ja idan ransa ya ɓaci. A rubutu ɗaya suke, amma karin sauti da tsawon wasali suna rarrabe su a furuci.

6.3 Muhimmancin Gane Jinsi da Iri

Hausawa suna cewa rashin sani ya fi dare duhu. A sha'anin kiwon kaji wannan duhu asara yake jawowa, saboda dalilai kamar haka:

Na farko, amfanin zakara daban, na kaza daban. Kaza ita ce uwar dukiya, domin ita take ƙwai, ita take kwanci. Zakara kuwa ana ajiye shi ne don barbara, ko yanka, ko sayarwa a lokacin Salla da suna da biki. Zakara 1 yana isar kaji kamar 10. Idan zakaru suka yi yawa a gida sai faɗa ya yawaita, su cinye abinci, su kuma tsige wa kaji gashin baya. A ƙyanƙyasa guda kuwa kusan rabi maza ne rabi mata, don haka dole mai kiwo ya san waɗanda zai bari da waɗanda zai rabu da su.

Na biyu, kowane iri da irin hidimarsa. Kazar gida tana iya fita ta yi tono ta ciyar da kanta, a taimaka mata da dusa da tsaki da gara. Kazar kamfani ba ta jure wannan. Wanda ya saki buroila a tsakar gida kamar kazar Hausa, ko dai ta rame ko ta mutu.

Na uku, kariya daga zamba. Alal misali, a ɗauka wata mata ta karɓi kuɗin adashinta ta sayi 'yan tsaki 30 a bakin kasuwa, mai sayarwa ya ce mata masu ƙwai ne. Ta yi wata 4 tana sayen abinci da magani, tana jiran kyarkyara, sai ta wayi gari akurki ya kaure da cara. Ko ta sayar da su a matsayin zakaru, da wuya kuɗin su mayar da abin da suka ci. Da ta san abin da launin gashinsu yake nufi tun ranar farko, da ba ta shiga wannan hali ba.

6.4 Alamomin Jinsi a Kajin Gida

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, gaɓoɓin haihuwa na kaza da na zakara duk a cikin ciki suke. Saboda haka a kajin gida babu wata alama ta zahiri da za a dogara da ita a ranar ƙyanƙyasa. Alamomi suna fitowa ne ɗaya bayan ɗaya yayin da ɗan tsako yake girma, kuma kowace tana da lokacinta.

6.4.1 Daga Ƙyanƙyasa Zuwa Mako 3

A wannan mataki jikin ɗan tsako lulluɓe yake da gashi mai laushi kamar auduga. Tsofaffin mata masu kiwo sukan lura cewa wasu matan suna riga maza fitar da gashin fiffike da na bindi. Akan dace a wasu kaji, amma ba doka ba ce, domin saurin fitar gashi abu ne da ake gado, kuma kajin gida a gauraye suke. Duk hukuncin da aka yanke a wannan lokaci hasashe ne kawai.

6.4.2 Daga Mako 4 Zuwa Mako 8

A nan ne alama ta farko mai ƙarfi take bayyana, wato zanko da leɓe. Na namiji yana fara girma da wuri, ya tashi daga ɗorawa-ɗorawa ya koma ja. Na mace yana zama ƙarami kuma koɗaɗɗe har sai ta kusa fara ƙwai. Haka kuma ƙwaurin namiji ya fi kauri da tsawo, yatsunsa sun fi faɗi, kansa kuma ya fi girma. Sai dai wajibi ne a kwatanta ɗan tsako da 'yan'uwansa da aka ƙyanƙyashe su rana ɗaya, kuma irinsu ɗaya. Akwai irin da macensa take da babban zanko fiye da namijin wani iri. Kajin da zankonsu yake kwance a kai, ba tsaye mai haƙora kamar zarto ba, sun fi wuyar ganewa a wannan mataki.

6.4.3 Daga Mako 9 Zuwa Mako 16

Wannan shi ne lokacin da shakka take gushewa, domin gashin manyanta yana fitowa. Wurare uku ake dubawa. Gashin wuyan namiji dogo ne, siriri, mai tsini da sheƙi, na mace kuwa gajere ne mai zagayayyen baki. Na biyu shi ne gashin gadon baya kusa da bindi. A namiji yana fitowa da tsini, ya zubo gefe da gefe, mace kuwa ba ta da irinsa. Wannan ita ce alamar da ta fi kowace tabbas, kuma takan fito sosai daga wajen mako 12. Na uku shi ne bindi. Na namiji yana fitar da dogayen gashi masu lanƙwasa kamar lauje, na mace kuwa a miƙe yake. A kaji masu launi, akan ga ja mai duhu da sheƙi a kafaɗar namiji.

6.4.4 Daga Wata 4 Zuwa Sama

Yawancin zakaru suna fara cara tsakanin wata 4 da wata 5, ko da yake akan sami masu gaggawa da suke fara gwaji tun kafin haka da shaƙaƙƙiyar murya. A wannan lokaci ne kuma zakara yake fara kiran kaji idan ya sami abinci, yana sauke fiffike ɗaya yana zagaya su. Ita kuwa sagara, idan ta kusa fara ƙwai zankonta yana yin ja, ta riƙa leƙe-leƙen lunguna tana neman wurin saka, kuma idan an kai hannu bayanta sai ta durƙusa. Masu kiwo sukan taɓa ƙasusuwa biyu da suke gefen dubura. Idan tsakaninsu ya ɗauki yatsu 2 ko 3, to ƙwai ya kusa ko ma ta fara. Ƙaimi shi ne yake zuwa a ƙarshe, kuma ba a dogara da shi ga ƙananan kaji, domin maza da mata duk suna da ɗan tudunsa a ƙafa, har ma akan sami tsohuwar kaza mai ƙaimi.

6.4.5 Ɗabi'a

Namiji ya fi tsayuwa a miƙe da ɗaga ƙirji, ya fi yawan karo da 'yan'uwansa, kuma idan aka ji motsin shaho ko shirwa yakan ɗaga kai yayin da mata suke laɓewa. Ɗabi'a tana ƙarfafa sauran alamomi ne kawai, domin akwai mata masu faɗa, akwai kuma maza masu sanyi. Ƙa'idar ita ce kada a yanke hukunci da alama ɗaya, sai biyu ko uku sun haɗu.

6.5 Camfe-camfe Game da Jinsin Kaji

Kamar sauran al'ummu, Hausawa suna da wasu zantuka game da wannan batu waɗanda bincike bai tabbatar da su ba.

Akwai masu cewa dogon ƙwai mai tsini zakara yake bayarwa, kewayayye kuma kaza. Gaskiyar magana ita ce siffar ƙwai ta danganta ne ga kazar da ta saka shi. Kowace kaza tana da irin siffar ƙwanta, kuma daga cikinsa maza da mata suke fitowa.

Akwai kuma masu riƙe ɗan tsako ta ƙafa su juya kansa ƙasa, wai idan ya ɗago kai namiji ne, idan ya saki jiki mace ce. Wasu kuma ta fatar wuya suke ɗaga shi. Wannan ba ya nuna komai sai ƙarfin ɗan tsakon ko gajiyarsa, kuma yana iya yi masa lahani. Dalilin da ya sa irin waɗannan hanyoyi suka daɗe shi ne, tun da jinsi biyu ne kawai, duk mai canka zai dace a kusan rabin lokaci. Sai a riƙa tuna dacewar, a manta da kuskuren.

Wani camfin shi ne na carar kaza, wadda ake ɗauka alamar mugun abu, har a gaggauta yanka ta. Hakika kaza tana iya cara. Bayanin masana shi ne, mahaifar ƙwai ta ɓangaren hagu ita kaɗai take aiki a jikin kaza. Idan ciwo ya lalata ta, sinadaran jikinta suna sauyawa, sai ta daina ƙwai, zankonta ya girma, ta fara cara, wani lokaci har gashinta ya koma irin na zakara. Haka kuma a garken da babu zakara akan sami babbar kaza ta ɗauki wannan ɗabi'a.

6.6 Hanyoyin Zamani

Kamfanonin ƙyanƙyasa ba za su iya jiran mako 12 ba, don haka suna amfani da hanyoyin da suke ba da amsa tun ranar farko.

6.6.1 Duba Dubura

Masana a ƙasar Japan, waɗanda Kiyoshi Masui yake cikinsu, su ne suka fito da wannan hanya a shekarun 1920, ta kuma yaɗu zuwa Turai da Amurka a shekarun 1930. Ana buɗe duburar ɗan tsako a ƙarƙashin fitila mai haske a nemi wani ɗan ƙanƙanin tudu wanda ya fi bayyana a namiji. Ƙwararre yana dacewa fiye da kashi 95 cikin 100, amma sai bayan dogon horo. Wanda bai koya ba yana iya kashe ɗan tsako, saboda haka ba hanya ce ta mai kiwon gida ba.

6.6.2 Launin Gashi

Domin fahimtar wannan hanya sai an san yadda ake gadon jinsi. A jikin kowace halitta akwai ƙwayoyin gado da ake kira kuromozom. A tsuntsaye, namiji yana ɗauke da guda biyu iri ɗaya, ana rubuta su ZZ, mace kuwa tana da mabambanta, wato ZW. Uba Z kawai yake bayarwa, uwa kuwa tana ba da Z ko W. Idan ta ba da Z a sami zakara, idan ta ba da W a sami kaza. Ke nan a kaji uwa ce take tantance jinsi, saɓanin ɗan'adam inda abin yake zuwa daga uba.

Wasu launuka a kan Z suke. Tun da 'ya mace daga ubanta kaɗai take samun Z, launinsa take ɗaukowa. Ɗa namiji kuwa yana samu daga duka biyu, don haka idan launin uwa ya fi rinjaye shi ne zai bayyana a jikinsa. Da wannan ne kamfanoni suke haɗa jan zakara da wata irin farar kaza ta musamman, sai mata su fito jajaye ko ruwan ƙasa, maza kuma farare ko ruwan ɗorawa mai haske. Haka kuma idan aka haɗa jan zakara da kaza mai ratsin baƙi da fari, dukkan 'ya'yan baƙaƙe suke fitowa, amma maza suna da ɗigon fari a tsakiyar ka. Da matar da aka kawo misalinta a baya ta san haka, da ta gane cewa farin ɗan tsako daga irin jajayen kaji masu ƙwai namiji ne.

6.6.3 Gashin Fiffike

Idan aka haɗa zakara mai saurin fitar gashi da kaza mai jinkirin fitarsa, ana gane 'ya'yan ta buɗe fiffike a kwana 1 zuwa 2 na farko. Layi biyu na gashi ake gani. A mace layin ƙasa ya fi na sama tsawo, a namiji kuwa tsawonsu ɗaya, ko ma na sama ya fi.

Ya zama wajibi a jaddada cewa hanyar launi da ta fiffike suna aiki ne kawai a 'ya'yan farko na iyayen da aka zaɓa aka haɗa da gangan. Ba sa aiki a jikokinsu, kuma ba sa aiki a kajin gida da kowane zakaran unguwa yake bi. A 'yan shekarun nan an ƙirƙiro na'urorin da suke gane jinsi tun a cikin ƙwai, amfani da su kuma ya ƙaru bayan da ƙasar Jamus ta haramta kashe mazan 'yan tsaki daga shekarar 2022.

6.7 Ire-iren Kaji da Siffofinsu

6.7.1 Kajin Gida

Bahaushe yana rarrabe kajinsa ta launi da ta ƙira. Ta launi akwai fara da baƙa da ja da wake-wake, wato mai ɗigon baƙi da fari. Launi kaɗai ba ya zama iri, domin kaza ɗaya tana iya ƙyanƙyashe launuka huɗu a kwanci guda, kuma launin gashin jarirai yakan sauya idan na manyanta ya fito. Ta fuskar ƙira kuwa akwai:

(a) Fingi, wadda wasu suke kira shazumama. Gashinta yana murɗewa ya juyo waje kamar wadda iska ta busa. Ba a gane ta ranar ƙyanƙyasa, sai gashin fiffike ya fara fitowa a mako na farko ko na biyu. Sanyi da ruwan sama suna wahalar da ita. Bokaye da 'yan bori sukan nemi irinta, abin da yake ɗaga farashinta a wasu kasuwanni.

(b) Durgu. Gajerun ƙafafu gare ta, har cikinta yana kusan taɓa ƙasa. Ana gane ta da wuri idan aka tsayar da ita kusa da 'yan'uwanta.

(c) Mai tukku. Tun tana ƙarama ake ganin ɗan tudun gashi a kanta.

(d) Marar gashin wuya. Ana gane ta tun ranar farko, domin da wuyanta a tsiraice take fitowa daga ƙwai. Wanda bai sani ba yakan zaci ciwo ne, alhali halitta ce, kuma bincike ya nuna ta fi sauran jure zafi.

(e) Kazar Fulani. Ita ce wadda ake samu a rugage. Ta fi sauran kajin gida tsawon ƙafa da nauyi, amma sai ta fara girma bambancin yake fitowa.

Kajin gida sukan fara ƙwai daga wajen wata 6, su yi kwanci kamar sau 3 a shekara, ƙwan da suke sakawa kuma bai cika wuce 40 zuwa 60 a shekara ba. Fifikonsu shi ne juriya da iya renon 'ya'ya. Saboda wannan ne ma ake sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai. 'Ya'yan zabi suna ɗaukar kwana 26 zuwa 28, kuma ana gane su da zane-zanen da ke kansu da jan ƙafa.

6.7.2 Kajin Kamfani

Buroila ita ce ta nama. Ɗan tsakonta ruwan ɗorawa ne mai haske, ƙafarsa da kauri, ƙirjinsa da faɗi, ga yawan ci da kwanciya. Tana kai kilo 2 a cikin mako 6 zuwa 8. Masu ƙwai kuwa, waɗanda ake kira leya, galibi jajaye ne ko baƙaƙe, suna fara ƙwai a mako 18 zuwa 20, suna iya yin kusan 300 a shekara, amma ba su cika kwanci ba. Mazansu su ne ake sayarwa da araha da sunan kokarel. Farin kokarel yana kama da buroila a ranar farko, sai dai ya fi siririn ƙafa da rashin nauyi da yawan zirga-zirga, kuma kafin mako 2 buroila ta bar shi nesa. Akan rina irin waɗannan 'yan tsaki da launuka masu ɗaukar ido don jawo hankalin yara.

A Nijeriya ma an samar da ingantattun irin kaji. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar da ShikaBrown, wadda kaza ce mai ƙwai da ta dace da yanayin ƙasar. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta ta samar da FUNAAB Alpha, wadda aka yi wa rajista a shekarar 2018. Akwai kuma Noiler ta kamfanin Amo Farm da ke garin Awe a Jihar Oyo, mai launuka daban-daban, wadda ake kiwo don nama da ƙwai, kuma tana iya yin tono kamar kazar gida.

6.7.3 Maja

Maja suna ne da masu kiwo suke kiran kajin da suka fito daga haɗuwar iri biyu, musamman na gida da na kamfani. Sun fi na gida girma, sun fi na kamfani juriya, amma siffarsu ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A irin waɗannan, hanya mafi sauƙi ita ce a nemi ganin iyaye, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

6.8 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa gane jinsin ɗan tsako da irinsa ilimi ne da ya ginu a kan lura da haƙuri. A kajin gida zanko yana fara nuni daga mako 4, gashin wuya da na baya suna tabbatarwa daga wajen mako 12, cara ko ƙwai kuma su rufe magana. A kajin kamfani launi da fiffike suna iya ba da amsa tun ranar farko, amma sai an san iyayen da aka haɗa. An kuma ga cewa yawancin abin da mata masu kiwo suka gano ta hanyar lura ya dace da binciken masana, in ban da 'yan camfe-camfen da aka ambata. Malamin Hausa da ya san waɗannan kalmomi da abin da suke nufi zai koyar da su da misalai daga tsakar gidan ɗalibansa, ya kuma taimaka wajen adana kalmomi irin su sagara da fingi da durgu, waɗanda yaran birni da yawa ba su taɓa ji ba.

6.9 Tambayoyi

1. Kawo ma'anar waɗannan kalmomi, ka sa kowace a cikin jimla: sagara, zanko, ƙaimi, kwanci, kyarkyara.
2. Bayyana alamomi 4 da ake rarrabe namiji da mace da su a kajin gida, tare da lokacin bayyanar kowace.
3. Me ya sa ake cewa a kaji uwa ce take tantance jinsi?
4. Tattauna camfe-camfe 2 game da jinsin kaji, ka kawo bayanin masana a kansu.
5. Yaya za a bambanta ɗan tsakon buroila da na kokarel?
6. Yi sharhi a kan wannan karin magana: "Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi."

Aikin Gida: Ɗalibi ya ziyarci wata dattijuwa mai kiwon kaji a garinsu, ya tattaro sunayen kaji ta fuskar launi da ƙira a karin harshen yankin, ya kwatanta su da waɗanda aka kawo a wannan babi.